Duwatsu Ashirin da Ɗaya da Na Wanke a Ma'adi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ajiye labarin abin da ya shuɗe a cikin duwatsunta domin mai iya karantawa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ya ku abokan aiki, da ku ƙannena da za ku riƙe mabuɗan ɗakunan ajiya a bayanmu: ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin nan ta watan Afrilu na shekarar 2013 ba, ranar da na wanke duwatsu ashirin da ɗaya da hannuna. Zan ba ku labarin a jere kamar yadda ya auku, ba tare da na rage laifina a cikinsa ba.

Karatun addini ne ya kawo ni Alƙahira daga Zariya. Na gama, na yi iyali, zama ya miƙe. Daga baya na sami aiki a wani ofishin binciken ƙasa mai zaman kansa a unguwar Ma'adi, a matsayin ma'ajin samfuri. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Duk dutsen da masu bincike suka saro daga daji, ana rubuta masa lamba a jikinsa tun a wurin, a zana masa kibiya mai nuna arewa, sannan a shigar da lambar a littafin fili tare da bayanin shimfiɗar da aka ciro shi. Idan an dawo, ma'aji ya gwada lambar jikin dutse da ta littafi, ya shigar a rajista, ya sa hannu cewa ya gani da idonsa sun dace. Sai bayan wannan sa hannun ake yanka dutse a duba shi a madubin ƙara girma. Dutsen da ba shi da wannan shaida, a wurin masu bincike tsakuwar bakin hanya ne, kome kyansa.

Shugabar sashen gwaji ita ce Daktora Na'ima, Bamisriya, mace mai ƙarancin magana, wadda kuma take koyarwa a jami'a. Cikin ɗalibanta akwai Malam Auwalu, mutumin Gombe, mai shekara arba'in da 'yan kai. Malami ne a wata kwaleji a gida, aka ba shi hutun ƙaro ilimi ya zo yin digiri na uku, ya baro mata da 'ya'ya huɗu. Bincikensa a kan wani irin dutse ne da suke kira istiromatolait. Shi ya fahimtar da ni cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suke gina shi a ruwan teku maras zurfi. Suna yin yauƙi-yauƙi a ƙasan ruwa, laka ta manne, su hau samanta su sake yin wani, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har bayan zamunna masu tsawo abin ya daskare ya zama dutse. Abin da yake so ya tabbatar shi ne yadda ruwan wani yanki na gaɓar Bahar Maliya ya riƙa ƙara gishiri har waɗannan halittu suka daina gini. Hujjarsa duk a kan jeri take: wane dutse ne daga shimfiɗar ƙasa, wane ne daga ta tsakiya, wane ne daga ta sama.

Wurin da duwatsun suke ba a shigarsa sai da tasrihi, wato takardar izini daga hukuma. Tun da al'amuran ƙasar suka sauya a 2011 samun takardar ya yi wuya. Shekara biyu Malam Auwalu yana zarya tsakanin ofisoshi, ana ce masa ya dawo bukra, wato gobe. Da ta fito, kwana uku kacal aka ba mu, mutum huɗu, kuma da sharaɗin ba ɗaukar hoto. Hutunsa da tallafin karatunsa kuwa za su ƙare a ƙarshen wannan shekarar. Kowa a cikinmu ya san tafiyar ba ta da ta biyu.

Mu huɗun su ne Daktora, da Malam Auwalu, da ni mai riƙe littafin fili, da direbanmu Usta Bakri. Shi Bahaushen Sudan ne mazaunin Hadayek el-Ma'adi, kakanninsa suka fito daga Katsina da niyyar hajji suka tsaya a hanya. A shingen bincike na ƙarshe aka karɓe kyamara da wayoyinmu, aka ba mu takarda, aka ce mu karɓa in mun fito.

Wurin wani gangaren dutse ne fari fat, yana kallon teku, ba bishiya ko ɗaya. Iska tana kaɗawa ba hutawa, gishiri yana kama leɓe. Da muka isa gindinsa Malam Auwalu ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan wani dutse mai ƙusumbi. Da ya sare shi da guduma sai ga cikinsa layi-layi a lanƙwashe, sirara kamar gefen tsohon littafi.

Usta Bakri ya leƙo, ya kira shi da irin kiran mutanen Sudan, ya ce, “Ya zol, wannan ai kabeji ne. Shekara biyu kana bin ofis-ofis saboda kabejin Fir'auna? Da ka faɗa mini da na sayo maka a kasuwa, har da tumatir.”

Malam Auwalu ya ce, “Usta, wannan kabejin ya girmi Fir'auna da kakan kakansa.”

“To shi ya sa ya yi tauri. Ya Sheikh Isyaku, ba mu fatawa: ana taimama da kabeji?”

Na ce masa dutse ne, kuma yana daga cikin abin da ke bisa doron ƙasa, saboda haka taimama da shi ta inganta. Ya ce to alhamdu lillahi, an sami amfaninsa guda ɗaya. Har Daktora sai da ta yi murmushi da aka fassara mata.

Kwana uku muna hawa da sauka. Malam Auwalu ya auna tsawo, ya sara, ya rubuta lamba da maka, wato alƙalamin tawada mai kauri, a jikin dutsen, ya zana kibiya. Ni in rubuta a littafi: lamba kaza, shimfiɗa ta kaza, kamu kaza daga ƙasa, launinsa kaza. Sannan in naɗe dutsen da tsohuwar jarida, in sake rubuta lambar a bayan jaridar, in sa a kwali. Akwai abu ɗaya da Daktora ta faɗa a rana ta farko, ina tsaye a wurin, na kuma ji da kunnena. Ta ce fatar duwatsun nan ɓawon gishiri ce da jibsi, wani farin ma'adini mai kama da alli, kada a bari ko raɓa ta taɓa su. Na ji, na ɗauke shi maganar da ta shafi direba da rufin mota.

Muka dawo Ma'adi ranar Alhamis bayan la'asar, a gajiye liƙis. Ƙa'ida ita ce ba a shigar da kaya ɗakin ajiya sai an gwada su da littafi. Daktora ta ce a jera kwalayen uku a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, a yi gwajin ranar Asabar da hantsi in kowa ya huta.

Ranar Asabar na riga kowa zuwa, kamar yadda na saba. Tun daga ƙofa wari ya tarye ni. An bar ƙaramar ƙofa a buɗe ranar Juma'a, karnukan unguwa sun shigo sun kwana a rumfar, sun yi fitsari a kan kwalayen. Biyu sun jiƙe har ƙasa, na ukun gefe ɗaya. Jaridun sun yi ɗoyi, tawadar da ke kansu ta bazu.

A nan ne ya kamata ku saurara da kyau. Ɗakin ajiyar nan a cikinsa muke sallar azahar da la'asar, ni nake ja. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba binciken Malam Auwalu ba ne. Abin da ya zo shi ne: najasa ba za ta shiga inda nake sa goshina ba. Alhali na san hukuncin, na karanta shi, na karantar da shi. Abu mai najasa da ke ajiye a kan kanta ba ya ɓata sallar wanda bai ɗauke shi ba, bai kuma tsaya a kansa ba. Ba wajibi ne ya motsa ni ba. Ƙyanƙyami ne, da wani abu mai kama da tsantseni wanda a ƙarƙashinsa akwai son a ce ɗakin Sheikh Isyaku ba a taɓa ganin ƙazanta a cikinsa ba.

Na warware jaridun duka na zuba a shara. Na jera duwatsun a kan siminti ba bisa wani tsari ba, na jawo tiyo, na ɗauko buroshi. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, da niyya, da basmala, har ina jin daɗin kaina. Ruwan da ke gangarowa fari ne kamar tsinkakken koko, na ɗauka ƙura ce. Sai da na kai ga na ƙarshe na juya shi ina neman lambarsa in fara gwaji. Babu. Na ɗauki na kusa da shi. Babu. Ɓawon gishirin ya narke ya tafi da lambobi da kibiyoyi gaba ɗaya. Na ruga wurin shara, na tarar jaridun sun zama dunƙule guda, ba harafin da ke karantuwa.

Na zauna a bakin rumfar, tiyo yana ta zuba a ƙafata ban rufe ba. A haka Malam Auwalu ya same ni, ya shigo da sallamarsa da fara'arsa, riƙe da ledar ful, wato dafaffen wake, da gurasa ya kawo mana karin kumallo.

Ya ce, “Baba Malam, lafiya? Wa ya rasu?”

Na nuna masa. Ya ajiye ledar, ya bi duwatsun yana juya kowanne, a hankali da farko, sannan da sauri. Da ya gama ya tsaya ya dube ni. Na faɗa masa abin da na yi, tun daga warin har zuwa buroshi. Bai ɗaga murya ba. Ya yi salati, ya maimaita, sannan ya tafi ya rufe famfon.

Can ya dawo ya tsuguna a gabana, ya zaro maka daga aljihunsa ya sa mini a hannu.

Ya ce, “Akaramakallahu, kai ka naɗe kowane ɗaya. Kai mahaddaci ne, abin da ka gani sau ɗaya ba ya fita kanka. Ga littafi, ga bayanin launi da siffa. Daktora ba za ta iso ba sai ƙarfe goma. Ka mayar musu da lambobinsu, ka sa hannu, khalas, shi ke nan.”

Na ce, “Auwalu, sa hannun cewa yake na ga lambar fili da idona ta dace da littafi.”

“Ka gan ta ai. A can ka gan ta.”

“Na gan ta a can. Wadda zan rubuta yanzu ba ita ba ce.”

Ya ce, “Baba, ba ƙarya na ce ka yi ba. Gaskiyar da ka sani na ce ka rubuta.”

Na ce masa Alƙur'ani shekara hamsin nake maimaita shi a gaban masu gyara mini, duwatsun nan kuwa kwana uku na gan su, cikin rana da ƙishi. Na ce mafi yawansu ina jin na gane su, amma na tsakiya sun yi kama da juna ƙwarai, kuma ruwa ya sauya musu fuska.

Ya ce, “To kai ka ɓata, kuma kai za ka hana a gyara? Tsarkinka ya cinye mini shekara uku, yanzu kuma amanarka za ta cinye sauran? Ƙaramar 'yata ba ta san fuskata ba, Baba. Da me zan koma?”

Ya yi gaskiya a duk abin da ya faɗa. Ni na jawo musibar, kuma maganinta guda ɗaya da ya rage a hannuna yake, ga shi na ƙi bayarwa. Na riƙe makar nan, har na buɗe murfinta ma. Zuciyata ta kawo mini hujjoji irin na masu ilimi, waɗanda suka fi na jahili haɗari: cewa lalura ce, cewa zato mai rinjaye yana tsayawa a matsayin yaƙini a wurare da yawa, cewa kawar da cuta daga Musulmi wajibi ne. Amma na san wanda zai karanta binciken nan bayan shekara ashirin zai gina nasa a kansa ne saboda ya amince wani ma'aji ya gani ya shaida. Na rufe makar na miƙa masa. Bai karɓa ba, ta faɗi a tsakaninmu.

Da Daktora ta iso na tarye ta a tsakar gida na faɗa mata kome, sai dai abin da ya gudana tsakanina da ɗalibinta, wannan ban faɗa ba. Ta dubi duwatsun, ta dube ni, ta ce, “Ya Sheikh, ban ce kada ruwa ya taɓa su ba?” Na ce ta faɗa. Ta ce, “To me ya sa ba ka jira ni awa biyu ba?” Na ce ba ni da uzuri.

Duk da haka ba ta yanke hukunci nan take ba. Ta ce za ta gwada haddata. Ta sa alamar sirri a ƙarƙashin kowane dutse, ta ce in faɗi lambarsa ina duba littafi, tana rubutawa. Sannan ta fitar da ni, ta hargitsa su, bayan azahar ta sake kirana na maimaita. Malam Auwalu yana tsaye a jikin bango, Usta Bakri a bakin ƙofa, wanda ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar. A cikin ashirin da ɗaya, goma sha takwas amsata ta farko da ta biyu sun dace. Uku na saɓa wa kaina. Ukun nan kuwa duk daga shimfiɗun tsakiya suke, daidai inda ruwan ya fara juyawa, inda hujjar binciken take.

Malam Auwalu ya ce, “Daktora, goma sha takwas fa.”

Ta ce, “Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Auwal. Goma sha takwas ɗin sun nuna ya dace da kansa, ba su nuna ya dace da dutsen ba. Ranar kare bincike za a tambaye ka daga ina wannan ya fito, ka ce wani dattijo ya tuna?”

Ta ba da umarni a rubuta a rajista cewa asalinsu ya yanke, a mayar da su kantar samfuran koyarwa, waɗanda ake miƙa wa sababbin ɗalibai su taɓa. Ni na rubuta da hannuna, layi ashirin da ɗaya. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma cire ni daga fita fili. Na kai takardar barin aiki, Daktora ta mayar mini ta ce barina ba zai dawo da lamba ko ɗaya ba.

A makon nan aka sake neman tasrihi. Na ɗauki hutuna na shekara na bi ofisoshin da kaina, ina hawa metro, jirgin ƙasan cikin gari, tun da sassafe, ina tsayawa a layi da furfurata. Kafin a kai ga amsa damina ta faɗi a can gida, a nan kuma al'amuran ƙasar suka sake rikicewa, aka daina ba da izinin shiga wannan yanki gaba ɗaya. Daktora ta nemi a sauya masa batun bincike zuwa wasu tsofaffin samfura da ke ɗakin, amma hakan yana bukatar ƙarin shekara biyu. Kwalejinsa ta rubuto cewa ko ya dawo bakin aiki ko a ba wani gurbinsa. A farkon 2014 ya haɗa kayansa.

Ana gobe zai tashi ya zo gidana bayan sallar Juma'a. Wata tara ke nan ba abin da ke haɗa mu sai sallama. Ya rame. Maiɗakina ta kawo abinci, ya ci loma biyu don kada a ce ya ƙi. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa a gabansa, na ce, “Auwalu, na cuce ka. Ina roƙonka ka yafe mini tun muna duniya.”

Ya ce, “Baba Malam, tashi don Allah, kada yara su gani.”

Na ce ba zan tashi ba sai ya amsa.

Sai ya ce, “Wankin ba ya damuna yanzu, kuskure ne, kowa yana yi. Ɗayan ne na kasa haɗiyewa. Na san kai ke da gaskiya, na faɗa wa kaina sau ɗari. Amma duk lokacin da na tuna, sai in ga da ka rubuta da yanzu na gama, kuma wataƙila da daidai ka rubuta.”

Na ce, “Wataƙila.”

Ya miƙe ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Na raka shi har tashar metro. Na jira kalmar da na roƙa a kan matakala, na jira ta a bakin shinge, ba ta zo ba. Ba ni kuma da ikon in neme ta sau biyu. Labarin da ke iso mini shi ne yana nan yana koyarwa a matsayin da ya bari, waɗanda ya koyar sun zama shugabanninsa. Ina aika masa gaisuwa kowace sallah, yana amsawa a taƙaice.

Abin da na koya, ya ƙannena, shi ne ma'aji ba a ɗauke shi don ya gyara abin da aka ba shi ba. An ɗauke shi ne don ya mayar da shi yadda ya karɓa, da ƙurarsa da warinsa, har mai shi ya zo. In ka ga abin da ya tayar maka da hankali a jikin kayan wani, ka ɗaure hannunka ka kira mai kayan. Na kuma koyi cewa masu wannan sana'a, ko da wasunsu ba su zauna gaban malamin hadisi ba, suna riƙe da ƙa'idar da muka sha wuya kafin mu koya: labari ba ya zama hujja sai an san ta hannun wa ya biyo, ba tare da yankewa ba. Abu na ƙarshe ya fi ɗaci. Tsantsenin da ba a aza shi a wurinsa ba, ba mai shi ne yake ɗanɗana azabarsa ba, wani bawan Allah ne da bai ji ba bai gani ba. Kuma tsayawa a kan gaskiya bayan ɓarna ba ya goge ɓarnar. Haƙƙin Malam Auwalu yana wuyana, da shi zan tashi in bai sauke mini ba.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a kafin ya sa ni. Allah ya musanya masa da abin da ya fi abin da ya rasa, ya sanyaya zuciyarsa. Ku kuma Allah ya tsare hannuwanku daga cutar da wanda ya amince muku, ya sa albarka a aikinku da gidajenku, ya raya zuriyarku bisa gaskiya, ya sa mu cika da imani. Amin.